Gasar Neman Sunayen Kakanni: Ina Goyon Baya, Amma Da Sharaɗi

A duk shekara, wajajen farkon watan Oktoba, masu binciken asalin zuri'a da ke haɗuwa a dandalin WikiTree sukan keɓe kwana uku cur, awa 72, su yi wata gasa da suke kira Source-a-Thon. Sukan kasu ƙungiya-ƙungiya, wasu bisa ƙasar da kakanninsu suka fito, wasu bisa yankin da suke zaune. Abin da ake tsere a kansa shi ne a lalubo mamacin da wani ya shigar da sunansa cikin jadawalin zuri'a ba tare da ya faɗi inda ya samo labarinsa ba, a nemo masa takardar da za ta tsaya masa: rajistar haihuwa, ko ta aure, ko shafin ƙidayar jama'a, ko wasiyya, ko rubutun da ke kan kabarinsa. Duk mamacin da aka samo wa madogara, an ci maki. Ba wata dukiya ake rabawa ba, in ban da 'yan ƙananan kyaututtuka da alamar yabo. Duk da haka mutane kan hana idonsu barci, suna bin sawun matattun da galibi ba su haɗa komai da su ba.

Wannan ɗaya ce cikin gasa iri-iri da masu wannan sha'awa suka ƙirƙiro wa kansu, musamman a Amurka da Ingila da ƙasashen da 'ya'yansu suka bazu. Shi WikiTree, wanda Chris Whitten ya kafa a 2008 da burin duniya ta taru a kan jadawali guda, yana da wata gasar ta haɗa dangi da dangi, da wata ta gyaran kurakurai. Akwai wadda wata ƙwararriyar mai bincike 'yar jihar Ohio, Amy Johnson Crow, ta fara a 2014: kaka 52 cikin mako 52. Kowane mako ka ɗauki mutum ɗaya cikin magabatanka ka rubuta abin da ka sani game da shi, ko da layi biyar ne. Wasu kuma a maƙabarta suke tasu gasar, suna ɗaukar hoton duwatsun kaburbura suna kwafe abin da aka rubuta a kai kafin ruwa da rana su shafe shi.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu: wasan masu ƙoshi ne. Wanda ke fama da kuɗin makaranta da tsadar hatsi, ina ya ga sukunin bin sawun mutumin da ya mutu shekara 150 da suka wuce? Ban raina wannan magana ba, amma ban yarda da ita ba. A ganina waɗannan gasa sun yi wa tarihin talakawa hidimar da gwamnatoci da jami'o'i suka daɗe suna jinkirtawa. Sun kuma jawo ɓarnar da gyara ta ke da wuya. Abin da ke raba alherin da ɓarnar shi ne abin da masu gasar suka zaɓa su ƙirga. Inda ake ƙirga hujja, aikin yana tsayawa. Inda ake ƙirga yawan sunaye, ƙarya ce ke yaɗuwa da gudun da ba ta taɓa samu ba a zamanin alƙalami da takarda.

Bari mu fara da alherin. Ba wanda ke ƙin sanin kakansa. Kowa cewa yake sai ya samu lokaci, lokacin kuwa ba ya zuwa. Abin da gasa ke yi shi ne ta yanka wa mutum wa'adi, ta haɗa shi da abokan tafiya da za su tambaye shi inda ya kwana. Iyakar dabarar ke nan, kuma tana aiki.

A duba abin da ya faru da ƙidayar Amurka ta 1940. Dokar ƙasar ta hana a buɗe takardun ƙidaya masu ɗauke da sunayen mutane sai bayan shekara 72, don haka sai ranar 2 ga Afrilu, 2012 aka sake su. Hotunan shafuka ne kusan miliyan 4, rubutun hannu, ɗauke da mutum kimanin miliyan 132, kuma babu fihirisa. In ba ka san unguwar da kakanka ya zauna ba, sai dai ka yi ta buɗa shafi bayan shafi har ka gaji. Ƙungiyar FamilySearch da abokan aikinta suka yi kira ga 'yan sa-kai, aka kafa taswira mai nuna inda kowace jiha ta kai, ƙungiyoyin bincike na jihohi suka shiga rige-rige kowa na son tasa ta riga kammala. Mutum fiye da 100,000 suka amsa. Kafin ƙarshen Agusta na wannan shekarar an gama. Abin da ya fi burge ni a cikin aikin shi ne tsarin da suka bi: kowane shafi mutum biyu ne da ba su san juna ba suke kwafe shi, inda suka saɓa sai a miƙa wa na uku ya raba gardama. Sun yi sauri, amma sun ɗaura wa saurin linzami.

Sai dai in ana neman aikin da zai rufe bakin mai cewa wasa ne, to na 'yantattun bayin Amurka ne. A ƙidayar 1850 da ta 1860, ba a rubuta sunan bawa. Sunan ubangidansa ake rubutawa, a ƙarƙashinsa a jera: namiji, shekara kaza, baƙi, mace, shekara kaza. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta ambaci galibin waɗannan mutane da sunayensu. Shi ya sa baƙar fatar Amurka mai bin asalinsa yakan tafi lafiya lau har ya kai 1870, a nan ya yi karo da katanga. Gaba da nan, kakansa dukiya ce a cikin lissafin gadon wani.

Akwai ƙofa a jikin katangar, amma ta daɗe a rufe. A watan Maris na 1865 majalisar Amurka ta kafa hukumar kula da 'yantattun bayi, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 4. Ta yi aiki har 1872. Ma'aikatanta sun rubuta aurarrakin da doka ba ta san da su ba a zamanin bauta, da yarjejeniyar ƙwadago, da rabon abinci, da sunayen majiyyata da 'yan makaranta, da ƙorafin iyayen da aka hana su 'ya'yansu. Takardun suna nan a ma'adanar tarihi ta ƙasa, an ma ɗauki hotonsu, amma wa zai karanta wannan tuli yana neman suna ɗaya? Ranar 19 ga Yuni, 2015, shekara 150 cif da ranar da sojoji suka sanar da 'yancin bayi a Galveston ta jihar Texas, aka ƙaddamar da aikin kwafe sunayen. Majami'un baƙar fata da ƙungiyoyinsu na tarihi suka riƙa shirya zama, mutane su taru da kwamfutocinsu su yini suna karanta rubutun hannun ƙarni na 19. Cikin shekara guda 'yan sa-kai kimanin 25,000 suka fitar da sunaye kusan miliyan 1.8. A Disamban 2016 aka miƙa aikin ga gidan tarihin baƙar fatar Amurka da ke Washinton.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Matar da ta zauna ta kwafe suna ɗari a daren Asabar ba ta san jikokin kowa a cikinsu ba. Amma a wani gari, wani zai buga sunan kakar kakarsa ya ga ranar da aka ɗaura mata aure da sunayen 'ya'yan da ta haifa a cikin bauta. Haka ma aikin da Jami'ar Villanova ta yi tare da wata tsohuwar majami'ar baƙar fata ta Filadelfiya, na tattara sanarwar cigiya da 'yantattun bayi suka riƙa bugawa a jaridu shekaru da dama bayan yaƙin basasar Amurka. Uwa tana cigiyar ɗan da aka sayar yana ƙarami, tana faɗin sunan wanda ya saye shi da garin da ta yi masa ganin ƙarshe. Dubbai ne irin waɗannan, kuma 'yan sa-kai ne ke kwafe su. Ni ban san wani suna da zan ba wannan aiki ba in ba sada zumunci ba, ko da ya zo a makare.

A Jamus ma haka. Ma'adanar da ke garin Bad Arolsen tana riƙe da takardu kimanin miliyan 30 game da mutum miliyan 17.5 da mulkin Hitila ya tsare, ko ya bautar, ko ya kashe. Tun 2020 take gayyatar jama'a su taya ta kwafe sunayen, kuma wajajen 27 ga Janairu, ranar tunawa da 'yantar da sansanin Auschwitz a 1945, takan ɗora musu adadin katunan da take son a gama cikin 'yan kwanaki. Ɗaliban makarantu na cikin masu amsawa.

To ina ɓarnar? Tana farawa ne daga ranar da aka rataya lamba a gaban sunan mutum. Dandalin Find a Grave, wanda Jim Tipton ya kafa a 1995 kuma kamfanin Ancestry ya saya a 2013, ya yi wa mutane alheri mai yawa: kana wata nahiya ka roƙi hoton kabarin kakanka, wani da ba ka sani ba ya taka ya ɗauko maka kyauta. Amma yana nuna yawan mamatan da kowane mutum ya shigar. Sai aka samu masu bin sanarwar rasuwa a jaridu suna rige-rigen buɗe wa mamaci shafi, wani lokaci tun ba a binne shi ba. Uwa ta rasa ɗanta, ta tarar wani baƙo ya riga ya mallaki shafin tunawa da shi, sai ta roƙe shi kafin ta gyara kuskure a ciki. Koke ya yi yawa har kamfanin ya sauya ƙa'ida, ya ba dangi na kusa fifiko a kan sabon mamacinsu. Ban ce masu yin haka mugaye ba ne. Lamba ce ta rufe musu ido har suka manta akwai gidan makoki a bayan kowane suna.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan zurfi, domin ba ta jawo kuka, shiru take yi. A manyan dandalan bincike, kwamfuta kan nuna maka cewa ga wani mai suna irin na kakanka a jadawalin wani. Dannawa ɗaya, ka kwaso shi da iyayensa da kakanninsa goma. In gasar ta yawan sunaye ce, wa zai tsaya ya duba? Ta haka ake samun mace ta haihu tana shekara biyar, ko namiji ya haifi ɗa shekara ashirin bayan an binne shi. Mutum hamsin su kwafi kuskuren, na hamsin da ɗaya ya zo ya ga hamsin sun yi ittifaƙi, ya ɗauka gaskiya ce. Wani ɗan asalin Suwidin mai suna Gustave Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya yi shekaru yana ƙera wa attajiran Amurka asalin ƙarya, yana cusa takardun jabu cikin na gaskiya, suna biyan sa kuɗi mai tsoka. An daɗe da tona shi. Amma ƙire-ƙirensa suna nan suna yawo a jadawalin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Ko mai kyakkyawar niyya bai tsira ba. Littafin Alex Haley mai suna Roots, da ya fito a 1976, shi ya zaburar da miliyoyin mutane su nemi asalinsu, kuma wannan lada tasa ce. Ya ce ya gano kakansa Kunta Kinte a ƙauyen Jufure na Gambiya ta bakin wani dattijo mai riƙe da tarihin zuri'a. Daga baya masu bincike suka nuna cewa labarin abin da baƙon ke nema ya riga shi isa ƙauyen. Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka bi takardun jihar Bajiniya, suka tarar bawan da Haley ya ce shi ne Kunta Kinte yana can shekaru kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso a 1767. Duk wanda ya taɓa zama a wurin biki a ƙasar Hausa ya ga yadda maroƙi ke ɗaga asalin mai kyauta gwargwadon abin da ya miƙo. Mai neman kaka da zumuɗi yakan samu wanda zai ba shi kakan da yake so.

Shi ya sa gasar da na fara ambata ta fi kwanta mini. Tambayarta ɗaya ce: wa ya ce? Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malami. Malaman hadisi sun gina ilimi sukutum a kanta, ba su karɓar magana sai da isnadi, kuma sukan auna kowane mai ruwaya. A batun nasaba kuwa addini bai bar wasa ba. Akwai hadisi a Tirmizi da ke kwaɗaitar da sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, akwai kuma gargaɗi mai tsanani a Buhari da Muslim ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Rabon gado da halaccin aure duk a kan nasaba suke tsaye. Wanda ya taso a kan wannan ya kamata ya fi kowa ƙyamar jadawalin da aka cika don a burge mutane. Kuma ko gasar hujjar ma ana iya yi mata wayo, mutum ya liƙa madogara mai rauni don ya ci maki. Maganin haka shi ne abin da masu kwafe ƙidayar 1940 suka yi: ido na biyu, da mai raba gardama.

Akwai kuma tambayar da masu gasa ba su cika tsayawa su yi ba: hannun wa sunayen suke shiga? FamilySearch, mafi girman masu wannan aiki, mallakar cocin da aka fi sani da Mormon ce, mai hedikwata a Salt Lake City ta jihar Utah. Tun 1894 suke tara takardun zuri'a, sun haƙa ma'adana a cikin dutse don adana su, kuma suna barin kowa ya duba kyauta. Wannan hidima ce ta gaske, ba zan rage mata komai ba. Amma dalilinsu na addini ne, kuma ba su ɓoye ba: a aƙidarsu mai rai yana iya karɓar baftisma a madadin mamaci. Ƙa'idarsu ta ce mabiyi ya tsaya ga magabatansa, sai dai an sha ƙetare ta. A 1995 sai da suka yi yarjejeniya da shugabannin Yahudawa kan daina yi wa waɗanda Hitila ya kashe, a 2008 kuma fadar Fafaroma ta umarci majami'un Katolika kada su ba su rajistarsu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙungiyar ta daɗe tana tura ma'aikata ƙauyukan Gana da Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka suna naɗar salsalar zuri'a daga bakin dattawa. Ba kira nake a kore su ba. Cewa nake dattijon da zai zauna ya lissafa kakanninsa bakwai yana da haƙƙin a gaya masa, da harshensa, waye mai aikin, me ya yi imani da shi, ina sunayen za su, kuma a bar wa gidan kwafi.

Kamfanoni kuma kasuwa suke ci. A 2020 an sayar da Ancestry kan dala biliyan 4.7, kuma wani ɓangare na abin da ya ba shi wannan daraja jadawalin da jama'a suka gina da hannunsu ne. Gwajin ƙwayar halitta ya ƙara wa abin nauyi. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisan kai, Joseph DeAngelo, ta hanyar bin danginsa na nesa da suka saka sakamakon gwajinsu a wani dandali don neman 'yan uwa. Kama shi alheri ne, amma ya nuna cewa wanda ya miƙa yawunsa ya miƙa har da na danginsa da ba a shawarta ba. A 2023 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 7 daga kamfanin 23andMe, a 2025 kamfanin ya durƙushe, bayanan da ke hannunsa suka shiga cikin kadarar da ake ciniki. Matattu a yi ta gasa a kansu. Rayayyu kuwa, a nemi izininsu tukuna.

Wani zai ce duk wannan labarin ƙasashen masu takarda ne. Amma akwai wurin da kunnen Bahaushe ya fi na kowane farfesa amfani. Bayan Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, jiragen yaƙinta sun riƙa tare jiragen bayi a teku suna kai su kotuna a Saliyo da Kyuba da wasu wurare. Akawun kotu yakan rubuta sunan kowane mutum yadda kunnensa ya ji, da shekarunsa, da tsawonsa, da tsagar da ke jikinsa. Sunaye fiye da 91,000 suka tsira ta haka, daga 1808 zuwa 1862. Masana a Jami'ar Emory, cikinsu har da David Eltis, suka naɗi yadda ake furta sunayen, suka roƙi 'yan Afirka su saurara su faɗi harshen da kowane suna ya fito. A cikinsu akwai sunayen Musulmi, kuma ba abin mamaki ba ne: yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun tura kamammu daga ƙasar Hausa zuwa bakin teku, har Hausawa suka yi ta tayar da bore a Bahiya ta Birazil tun daga 1807. Sigismund Koelle, da ya tattara harsunan 'yantattun bayi a Saliyo ya buga a 1854, ya samu masu Hausar Kano da ta Katsina a can. Waɗannan namu ne, kuma mu ne za mu gane sunansu da tsagarsu.

Sai dai kada mu kwaso tsarin wasu yadda yake. Mu ma muna da takardun 'yantattun bayi. Gwamna Lugga ya shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, kuma a tsakanin nan kotunan alƙalai sun rubuta dubban mutanen da suka fanshi kansu ko aka fanshe su. Irin waɗannan rajista suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. A Amurka, gano kaka bawa ya zama abin da ake ɗaga kai da shi. A nan har yau gori ne, yana iya rusa baiko. Wanda ya zuba waɗannan sunaye a fili don ya ci gasa zai cuci mutanen da ba su yi masa komai ba. A adana su, a yi musu fihirisa a hannun masana, amma kowane gida shi ke da ikon faɗin nasa.

Hatta guraben da kwamfuta ke ba ka ka cike ba a kanmu aka auna su ba. Tana neman sunan dangi da ake gada, mu kuwa da sunan uba muke tafiya, ko sunan gari kamar yadda aka san Aminu Kano da Shehu Shagari. Tana neman suna ɗaya, alhali wanda aka raɗa wa sunan kakansa yakan rayu ya mutu ana kiran sa Abba ko Baba, kuma alkunya kan hana uwa ambaton ɗan fari. Tana neman ranar haihuwa, alhali sai 1992 dokar tilasta rajistar haihuwa da ake aiki da ita ta zo a Nijeriya, kuma da yawanmu da takardar rantsuwar kotu muke yawo. Ba ta da gurbin ɗan riƙo, ba ta da gurbin 'yan uwan shayarwa, alhali a wurinmu shayarwa tana haramta aure. Kaburburanmu kuma galibi ba rubutu a kansu. Sarakuna an kiyaye jerinsu, Tarihin Kano ya lissafa su tun daga Bagauda. Manomi da maƙeri da majemi, da uwayen kowa, suna cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi ne kaɗai.

Wannan shi ya sa nake ganin mun fi su bukatar wa'adi. Takarda tana iya jiran ɗan sa-kai shekara 150, kamar yadda na 'yantattun bayin Amurka suka jira. Tsohuwa ba za ta jira ba. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a ƙarshen 1949 da farkon 1950, ta rubuta labarin rayuwarta da danginta da aure-aurenta. A 1951 Baba ta rasu, littafin ya fito a 1954. Da an jinkirta shekara biyu, da babu shi. Ga kuma dangin da suka rabu: zuri'ar waɗanda suka bi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno ta Sudan, da jikokin fataken goro da ke zangon Kumasi da Salaga. Da yawansu sun riƙe sunan garin da kakansu ya baro, a garin kuma akwai wanda ya san cewa wani ya tafi bai dawo ba. Wayar da ke hannunmu tana iya haɗa bakin zaren nan biyu.

Don haka ga roƙona ga mai karatu, musamman matasan da ke riƙe da zauren WhatsApp na dangi. Ku yanka wa kanku wata ɗaya, ku raba gidaje, kowa ya ɗauki tsoho ko tsohuwa guda. Ku fara da mafi tsufa, kuma ku fara da mata, domin su suka san wa ya shayar da wa. A je da ladabi, a gaisa, a nemi izini kafin a kunna waya. A tambayi sunan yanka da laƙabi. In ba a san shekara ba a tambayi abin da ya faru a lokacin: kafin zuwan Sarauniya a 1956 ne ko bayansa, kafin a koma tuƙin hannun dama a 1972 ne, ko shekarar da naira ta fito, 1973. Inda Iya da Baffa suka saɓa a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Abin da aka ce a rufe, a rufe shi. In za ku ba da maki, kada ku ba wanda ya fi kawo sunaye. Ku ba wanda ya rubuta a gefen kowane suna wanda ya faɗa masa, da garin da suka zauna, da ranar. Sannan a buga a takarda a ajiye kwafi a gida fiye da ɗaya, kada a bar shi a waya kaɗai. Ku sa ranar farawa a cikin makon nan.